Kiran ƙasar waje ya hana ka sakat? Karanta kafin ka kashe kuɗi

Rumfar cajin waya gare ni a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma a 'yan kwanakin nan da wuya rana ta faɗi wani bai miƙo mini wayarsa ba yana cewa, "Malam, duba mini lambar nan, ta addabe ni." Yawanci da +44 ko +1 ko +91 take farawa, wato Ingila, Amurka ko Indiya, kodayake sau da yawa lambar aro ce, mai kiran yana wata ƙasar daban. Ka ɗauka, ka ji Turanci ana yi maka tallar zuba jari ko aikin intanet. Wata kuma ƙara ɗaya za ta yi ta katse, don ka bi kiran a cinye maka kati. Kada ka bi.

Abin da mutane ke fara tambayata shi ne 2442. Hukumar Sadarwa ta Najeriya ce ta kawo tsarin a 2016: ka tura STOP zuwa 2442, kyauta, saƙonnin talla da ke zuwa ta hannun kamfanin layinka su tsaya. Ka yi shi, yana da amfani. Sai dai wanda ke zaune a wata ƙasa yana danna lambobi, wannan doka ba ta kai gare shi ba.

Na biyu, toshe lamba a wayar kanta. Ko ƙaramar Itel ko Tecno mai maɓalli, yawancinsu suna da wurin jefa lambar da ba ka so. Ba data, ba kuɗi. Matsalarsa ɗaya: ka toshe ta yau, gobe su dawo da wata.

A nan ne masu babbar waya ke cewa in saka musu Truecaller, kuma a nan nake so a tsaya a yi tunani. Manhajar wani kamfanin Suwidin ce, tana nuna sunan mai kira, tana jan kunnenka idan mutane da yawa sun kai ƙarar lambar. Tana aiki, ban musa ba. Amma sai da data take gane sabuwar lamba, mu kuwa nan wani lokacin sai ka hau tudu kafin sabis ya kama. Ta kyautar cike take da talla, ga cin batir, kuma kowane caji kuɗi ne. Abin da ya fi damuna shi ne izinin da take nema na shiga lambobin da ka adana: na iyalinka, na surukanka, na malaminka, alhali babu wanda ya shawarce su. A 2019 NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Najeriya, ta buɗe bincike a kanta kan batun sirrin masu amfani. Ga dillali da wayarsa ba ta hutawa, wataƙila ta cancanta. Ga manomi mai kira biyar a rana, ban ga dalili ba, balle a ce ya biya kuɗin wata-wata.

Idan ta WhatsApp suke zuwa, an huta: tun 2023 akwai maɓalli a saitin sirri da ke kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba. Kiran zai nuna, wayar ba za ta yi kuka ba.

Sabon layi kuwa shi ne na ƙarshe a wurina. Sai ka yi tattaki gari da lambar NIN, ga asusun bankinka a ɗaure da tsohon layi, ga abokan ciniki da suka haddace shi.

Makon jiya wani dattijo ya ce in rufe masa duk wata lambar waje gaba ɗaya. Na ce, "Baba, ɗanku da ke Saudiyya fa? Da mutanen Nijar da kuke cinikin dabbobi da su ranar Alhamis a Maigatari?" Ya yi shiru. Sai muka zauna muka adana lambobin +966 da +227 da ya sani, kowacce da sunan mai ita, na toshe ukun da suka dame shi, na tura masa STOP. Na roƙe shi duk baƙuwar lambar waje ya bar ta ta gama kukanta, kuma ko wa ya kira, kada ya karanta masa lambobin da banki ya turo. Kuɗin caji kawai ya biya.