Samsung mai inci 43 ko Hisense mai inci 55: wanne ya dace da falonka?

Malam, tun safe na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce an nuna maka talabijin biyu da kuɗinsu ya zo kusan ɗaya, Samsung mai inci 43 da Hisense mai inci 55, dukansu 4K kuma masu hawa intanet. Ka ce daga kujera zuwa bango zai kai mita 3, kai ƙwallo kake kallo a DStv, iyali kuma Arewa24 da YouTube, sannan da daddare inbata kuke kunnawa da batir ɗaya. In ni ne, mai inci 55 zan ɗauka. Amma akwai inda ƙaramar ta fi ta, kuma gara ka sani tun kafin ka biya.

Girman shi ne kan gaba, domin shi kaɗai ne abin da ba ya gyaruwa bayan an saya. Incin da ake faɗa ba faɗin talabijin ba ne, awo ne daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa a karkace. Mai inci 43 faɗinta kamar santimita 96 ne, mai inci 55 kuma kamar 122. A baki bambancin inci 12 ne kawai, amma in aka auna fuskar gaba ɗaya, babbar ta fi ƙaramar da sama da kashi 60 cikin ɗari. Ma'aunin da masu harkar suka fi amfani da shi shi ne a ninka girman fuskar sau ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, abin da ya fito shi ne tazarar zama. Da wannan lissafi, mai inci 43 ta wanda ke zaune a ƙasa da mita 2 ce, mai inci 55 kuma ta mai zama a mita 2 da 'yan kai. Kai da kake mita 3, ko babbar ma ba ta yi maka yawa ba. A shago duk talabijin ƙarama take zama a ido saboda an jera ta kusa da manya, a gida kuma sati biyu ya isa ido ya saba. Ban taɓa jin wanda ya ce ya yi nadamar sayen babba ba, sai dai wanda ya ce da ya sani ya ƙara.

Batun 4K ma yana komawa kan tazarar nan. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 8, ninki huɗu na Full HD. In aka cusa ɗigon nan a fuska mai inci 43 aka zauna mita 3, ido ba zai bambance shi da Full HD ba. Ka biya kuɗin abin da ba za ka gani ba ke nan.

To ga inda Samsung ke da bakin magana. Yawancin abin da muke kallo a gidajenmu ba 4K ba ne. Tashoshin wasanni na DStv HD ne in dikodarka ta HD ce, tashoshi da dama na kan dish kuwa ko HD ba su kai ba, ballantana tsofaffin bidiyon wa'azi da na biki da ake turowa daga waya. Talabijin ce ke shimfiɗa ƙaramin hoton nan ya cika fuska, kuma ingancin wannan aiki ya danganta da ƙwaƙwalwar da ke cikinta. A ganina Samsung da LG da Sony sun fi tsafta a nan, fuskokin mutane ba sa yin kamar an shafa musu mai. Ƙari a kan haka, hoto mara kyau ya fi tona asirin kansa a babbar fuska. Saboda haka tashar da ke fitowa dishi-dishi za ta fi kyan gani a mai inci 43. Sai dai tazararka ta mita 3 tana rufe mafi yawan wannan aibi, shi ya sa bai sauya ra'ayina ba.

Kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka kan ƙwallo. Za ka ga an buga 120 ko sama da haka da sunaye masu daɗin ji, amma talabijin na wannan farashi, ko ta wane kamfani ce, fuskarta sau 50 zuwa 60 take sabunta hoto a daƙiƙa. A nan kunnen doki suka yi.

Abin da mutane ba sa dubawa, kuma ya fi shafar gida mai jama'a, shi ne yadda hoton yake daga gefe. Fuskokin nan iri biyu ne. Akwai VA, mai baƙi sosai da ke daɗin kallo da daddare, amma kala tana kwaɗewa in ka koma gefe. Akwai IPS, wadda baƙinta ke ɗan yin toka-toka a duhu, amma wanda ke kujerar gefe da yaran da ke zaune kan kafet duk hoto ɗaya suke gani. Kamfani ɗaya kan sa wannan a wani girma ya sa wancan a wani, don haka suna ba zai gaya maka ba. Ka sa a kunna su, ka tsaya a tsakiya, ka taka zuwa gefe, sannan ka durƙusa. Gani ya kori ji.

Yanzu wuta, wadda na san ita ce ainihin damuwarka. Babbar ta fi ci, babu musu. Mai inci 43 takan ja tsakanin wat 60 zuwa 90, mai inci 55 kuma daga wat 90 zuwa sama, gwargwadon hasken da aka sa mata. Lambar da ke manne a bayanta ita ce iyakar abin da za ta iya ja, ba abin da take ja kullum ba. Mu ɗauka batirinka mai 200Ah ne a kan bolt 12. Wat 2400 na awa ɗaya ke nan a takarda, amma batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 1200. In bambancin talabijin biyun wat 40 ne, kuka yi kallon awa 5, babbar ta ƙara cin 200 daga cikin 1200 ɗin nan. Ba kaɗan ba ne, musamman a watan Afrilu da fanka ba ta hutawa, amma yana da magani. Mafi yawan wutar da talabijin ke sha fitilun bayan fuska ne ke shanta. Ka shiga saiti ka fitar da ita daga yanayin shago, wanda ke ƙure haske don jan hankalin mai saye, ka rage hasken baya zuwa rabi da daddare. Batir zai huta, ido zai huta, fitilun ma za su fi daɗewa, domin su ne kan fara mutuwa, ka ji murya na fita amma fuska baƙi ƙirin.

Manhajar ciki ba abin tayar da hankali ba ce. Samsung na amfani da Tizen, Hisense yawanci VIDAA, wasu kuma Google TV. YouTube da Netflix suna nan a duka. Tizen ta fi VIDAA yawan manhajoji, amma in wata rana ka rasa wadda kake so, ɗan ƙaramin akwatin Android da ake sokawa a ramin HDMI na jikin talabijin ya raba gardama. Abin da za ka sa wa ido shi ne data. Netflix da kansu sun ce kallon 4K na iya cin gigabait 7 a awa, HD kuma 3. In da wayarka za ka riƙa ba ta intanet, ka rage ingancin hoton YouTube kafin ka miƙa wa yara rimot.

In mai shago ya fara yi maka zancen QLED da OLED, ga taƙaitawa. QLED talabijin ce mai fitilun baya kamar sauran, an ƙara mata shimfiɗar da ke ƙara wa kala armashi. OLED kuwa kowane ɗigo da haskensa, hotonta ya fi kowanne, amma kuɗinta ya yi nisa da abin da ka ware, kuma tambarin tasha da ke zama wuri ɗaya yini guda na iya barin tabo a fuskarta. Filasma da muke kiran duk wata shafaffiyar talabijin da ita kuwa, manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun 2014, sunan ne kawai ya rage a bakinmu.

Sauti duk kanwar ja ce. Jikinsu ya yi siriri, sifikun ƙanana ne kuma ƙasa suke kallo. In da hali daga baya ka haɗa da sifika ta waje.

Inda zan ja kunnenka sosai shi ne wurin saye, domin duk kwatancen nan ya rushe in ɗaya daga cikinsu jabu ce. Sunan da ya fi tsada shi aka fi kwaikwaya, kuma a manyan kasuwanni irin su Alaba ta Legas da Sabon Gari ta Kano akwai na gaske akwai na bogi, wani lokaci a layi ɗaya. Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi wata a wani shago da sunan inci 50, sai da mai kafa ta a bango ya sa tef muka ga ba ta kai ba, na koma mai shagon ya ce ai da firam ake aunawa. Ka tafi da tef ɗinka: fuskar inci 55 santimita 140 ce a karkace, ta inci 43 kuma 109, ban da firam. Ka duba lambar samfuri da lambar siriyal a kwali, a bayan talabijin, da cikin saiti, su zo ɗaya. Samsung ta gaske Tizen za ta buɗe maka, in ka ga Android a ciki ka ajiye musu kayansu. Ka sa a nuna maka farin hoto zalla da baƙi zalla don ka ga ko akwai mataccen ɗigo. Kayan Hisense da LG a Najeriya kamfanin Fouani ne ke rarraba su, don haka ka nemi katin garanti da rasit mai ɗauke da lambar siriyal, ka tambayi inda ake kai gyara a garinku.

Ka kuma rage wani abu a kuɗin don na'urar kariya da ke jinkirta shigar wuta in an kawo ta, ko sitabilaiza in wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, domin garanti ba ya cika ɗaukar abin da wuta ta ƙona. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare har wayar dish, ta nan ma wuta ke bi ta kashe dikoda da ramin HDMI. Wajen kawo ta gida a tsaye za a riƙe ta cikin kwalinta, kada a kwantar da ita a adaidaita sahu, gilashin mai inci 55 ba ya son gargada, kuma canza shi ya kusa kuɗin sabuwa. In za a kafa, tsakiyar fuskar ta yi daidai da idon wanda ke zaune, ko sama kaɗan yadda hannun yara ba zai kai ba, ba can kusa da silin ba kamar ta ɗakin jira.

Abu biyu ne za su sa in ce ka koma kan Samsung ɗin: in Hisense ɗin ba ta da garanti Samsung kuma tana da shi, ko in batirinka ya riga ya gaji har ba ya kai ku ƙarfe 11 na dare. In ka koma shagon, ɗauko hoton takardar da ke manne a bayan kowacce ka turo nan, mu duba lambar samfurin da wat ɗin tare kafin ka biya.