Zanen bango: wanne ya cancanci kuɗinka a Katsina?

Tun da aka sayar da zanen da ake kira Tutu na Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya, a kan fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams na Landan a 2018, wasu suka fara yi wa zane kallon fili: saya yau, ajiye, gobe ka ci riba. A Katsina lissafin bai fita haka. Sunan mai zanen da rububin attajirai ne suka ɗaga Tutu, kuma kasuwar da ake sake sayar da irin waɗannan tana Legas da Landan. Nan gida in ka gaji da zane, da wuya ka sami mai tayawa.

Mafi araha shi ne bugun inji, irin Ayatul Kursiyyu cikin firam mai ruwan gwal. Yana gyara falo, amma akwai dubunsa a kasuwa, rana kuma tana koɗar da shi.

Aikin hannu ne ke buƙatar natsuwa. In ka sa mai zane na gari ya yi maka Hasumiyar Gobarau, ko rijiyar Kusugu, ko dawakan hawan sallah a Ƙofar Soro, kada ka tsaya ga gaban zanen kawai. Shafa shi da yatsa: fentin hannu yana da tudu-tudu inda buroshi ya bi, bugun inji kuwa sumul yake. Juya bayansa ka duba katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai, don ɗanyen katako yakan lanƙwashe da hunturu, gara kuma ba ta raina shi. Mai zanen ya sa hannu, ya rubuta shekara, ya ba ka rasit. Ka tambaye shi Gobarau nawa ya yi irin wannan. In ta goma ce, farashin ya sauka. Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce rabi.

Wanda ba ya son hoton mai rai a ɗakinsa, ga zayyanar alarammomi a allo ko takarda. A ganina ana yi mata tayin wulaƙanci, in aka dubi idon da ta ci.

Mai neman abin da wataƙila zai yi daraja nan gaba, ya leƙa sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, garin da manyan masu zane irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka yi karatu, ya saya daga ɗaliban shekarar ƙarshe. Amma ya sani, kaɗan ne daga cikinsu sunansu ke tashi, don haka ya zaɓi wanda zai so gani kullum.

Sai mutum-mutumin yumɓu da dillali zai raɗa maka cewa tonowa aka yi. Bar shi. Na Nok (a kudancin Kaduna) da Sakkwato da Katsina suna cikin jerin kayan tarihin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta yi kashedi a kan cinikinsu tun 2000, dokar Najeriya ta 1979 kuma ta hana saye da sayar da su ba izini. In jabu ne ka yi asara, in na gaske ne ka sayo wa kanka shari'a.