Yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, madara da ƙwai: me za a sayo masa a kasuwa?

Ɗana yana da shekara ɗaya da wata biyu ranar da gwaggonsa ta dangwalo miyar taushe da gutsuren masa ta sa masa a baki, a wani gidan suna a Fadaman Mada. Kafin a gama rabon kwanuka leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa tun daga wuya har ciki, ya kama amai. Madarar gwangwani dama mun gane ba ta karɓe shi ba tun yana wata takwas, ƙwai kuma ya bi sahu daga baya. Likitan yara ya rubuta min abu uku a takarda: gyaɗa, madara, ƙwai. Na dubi takardar na ce, "Likita, to me ya rage a Bauchi?"

Abin da ya rage yana da yawa, sai dai cefane ya sake kama. Yanzu in na shiga Muda Lawal ko Wunti, tambayata ta farko ba "nawa ne?" ba ce. Tambayata ita ce wane inji ya niƙa wannan, wane mai aka soya shi da shi, wane cokali ya shiga cikinsa.

Bari in fara da kunu, tunda shi ne abincin yaron da aka fara yayewa. Zaɓi uku ne a gabanki: na gwangwani ko kwali, haɗin da mata ke yi a gida suna sayarwa a roba, ko ki sayi hatsi ki haɗa da kanki. Na kamfani yana da abu ɗaya da babu mai ƙwace masa, wato an rubuta abin da ke ciki. Amma rubutun ne zai kore ki daga yawancinsu. Cerelac ɗin da aka saba gani a shagunanmu, na alkama da na masara, da madara a ciki. Golden Morn masara ce da waken suya, don haka zai iya shiga gidan da waken suya ba matsala ba ne, ba zai shiga gidan da yake matsala ba. Milo da Bournvita akwai madara. Kuma kamfani na iya sauya haɗi ba tare da ya sauya hoton kwali ba, saboda haka ko abin da na saba saye sai na juya bayansa na karanta. Madara ba kullum take zuwa da sunanta na fili ba: in kika ga whey, casein ko butter, ita ce. Albumin ƙwai ne. Groundnut, peanut da arachis duk gyaɗa ce. Akwai kuma ƙaramin rubutun nan na "may contain", ma'ana an sarrafa abin a wurin da ake taɓa gyaɗa ko madara. Mu dai likitanmu ya ce mu ajiye irinsa.

Haɗin roba kuwa, wanda ake kira Tom Brown, ga yaro mai lafiya abu ne mai kyau da araha. Ga namu shi ya fi komai haɗari. Asalin haɗin ma gyaɗa ce da waken suya da hatsi, wasu su ƙara madarar gari da busasshen kifi ko jatan lande. Na taɓa roƙon wata baiwar Allah ta yi min nawa daban babu gyaɗa, ta yi da zuciya ɗaya, amma kaskon suyarta ɗaya ne, rariyarta ɗaya, injin da take kai wa ɗaya. Haka abincin tamowa na ƴar leda da ake bayarwa a asibitoci, wanda wasu ke sayarwa a ɓoye ana lasa wa yara kamar alewa: gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari. In aka ce ɗanki ya rame za a sa shi a shirin, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya matsalarsa tun kafin ta yage leda.

Saura na uku, kuma shi nake kai. Gero, dawa da masara duk suna yi. Acca, wadda ake nomawa a wajen Bogoro da Tafawa Ɓalewa da Filato, tana da laushi a cikin yaro, tana dahuwa nan da nan, ba ta da abin da ke damun masu matsalar alkama. Aibinta tsada da yashi. In ba ki iya regaya ba ki sayi wankakkiya, ki kuma tauna ƴar kaɗan a gaban mai ita, haƙori ba ya ƙarya. Tamba ce ta fi ba ni mamaki. A kowane giram 100 tana da kalsiyam wajen miligiram 340, ninkin na gero sau da yawa, kuma kalsiyam shi ne babban abin da yaron da aka hana madara yake rasawa. Kununta ja ne, ɗana ya yi kwana huɗu yana ture kofi, sai da na fara da kashi ɗaya na tamba cikin uku na gero, na murje masa ayaba a ciki.

Duk wannan zaɓen hatsin aikin banza ne in ya bi ta injin unguwa. A nan na sha tawa wuyar. Na tsince gero, na wanke, na shanya, na aika niƙa. Da yamma yaro ya sha kunu, ko rabin kofi bai kai ba fuskarsa ta yi rudu-rudu. Washegari na je da kaina. Ina tsaye wata yarinya ta sauke bokitin soyayyiyar gyaɗa, bayanta mai waken awara. Na ce, "Malam, jiya kafin geron nan me ka niƙa?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai inji ba ya tambaya." Gaskiya ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Ɗan abin da ya maƙale a haƙoran inji ya isa ya tayar da jikin yaro, kuma tafasa ko suya ba sa kashe abin da ke cikin gyaɗar. Wasu suna sammako su zama na farko, su sa a wanke inji, su zubar da abin da ya fara fitowa. Yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Turmi sabo da aka keɓe wa yaro ya fi wannan aminci, in akwai ƙarfin daka. Ni dai na haƙura da ankon biki biyu na sayi bilenda mai ƙaramin kofin niƙa busasshen abu. Wajen saye ki duba ƙarfin injinta da haƙoranta, kada kyan launi ya ja ki. Mai rauni gero zai ƙona ta cikin wata guda, araha ba ta ado. Ranar da aka kawo wuta nake niƙa na mako biyu in zuba a roba mai murfi. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da zan kashe wa kuɗi a duk wannan lamari, ita ce.

Sai maganar abin da zai tsaya a madadin madara, inda aka fi yaudarar iyaye. Hajiya, mahaifiyar maigidana, nonon akuya ta fara kawowa, wai ya fi sauƙi a ciki. An gudu ba a tsira ba: furotin ɗin nonon akuya da na tumaki ya yi kama da na saniya ƙwarai, yawancin yaran da na saniya ke tayar wa su ma suna tayar musu. Kindirmo, fura da nono, man shanu, cuku, tuwon madara, gullisuwa, duk gida ɗaya ne. Madarar gari irin wadda aka cire mata kitse aka sa man tsiro, kamar Cowbell, ita ma furotin ɗinta na saniya ne. A kemis za a iya miƙo miki gwangwani mai rubutun lactose free a ce ita ce maganin. Wannan ta yaran da sukarin madara ke sa wa gudawa da kumburin ciki ce, cuta ce daban, furotin ɗin yana nan daram. Mai tambarin HA, wadda aka ɗan farfasa furotin ɗinta kaɗan, ita ma ba a yi ta don yaron da matsalarsa ta riga ta bayyana ba.

Waɗanda aka yi domin irin yaranmu iri biyu ne. Akwai wadda aka farfasa furotin ɗinta ƙanana sosai, irin su Nutramigen da Aptamil Pepti, wadda yawancin yara ke karɓa. Akwai kuma irin su Neocate, ta yaran da ko waccan ba ta yi musu ba. Duka biyun daga waje ake shigo da su, tsadarsu ta wuce misali, ɗanɗanonsu da ɗan ɗaci, kuma sau da yawa sai na yi oda daga Abuja. Kada ki sayi katan kafin ki gwada gwangwani ɗaya, kada kuma ki gwada kafin likita ya ce wacce. Madarar waken suya ta gwangwani, irin Isomil, ta fi sauƙin kuɗi kuma an ƙara mata kalsiyam, amma wasu daga cikin yaran da madara ke damu waken suya ma yana damunsu. Ta gida da ake tatsa a ƙulla a leda tana da furotin, kalsiyam ɗinta kaɗan ne, ga kuma batun inji. Kunun aya yana da daɗi, kuma aya ba dangin gyaɗa ba ce, saiwa ce. Sai dai abin sha ne na marmari, ba ya gina jiki yadda madara ke yi. Dakuwa kuwa ayar ce aka kirɓa da gyaɗa, a yi nesa da ita. Madarar shinkafa hukumomin lafiya na Ingila sun hana ba wa ƴan ƙasa da shekara 5 saboda asenik, wani sinadari mai guba da ake samu a shinkafa.

In har yaron bai bar nono ba, kada ki yi gaggawar yaye. Shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata ita ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, kuma babu gwangwanin da ya kai shi araha. Bayan yaye, ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 700 a rana. Tamba, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, in kifi ya karɓe shi, suna taimakawa, amma cikin yaro ƙarami ne. Mu sai da aka haɗa mana da na ruwa daga asibiti. Asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi da na tarayya da ke Gombe duk suna da sashen yara. Ki nemi a haɗa ki da masu kula da tsarin abinci, a riƙa auna nauyinsa.

Mai kuma, a bakinmu kowane farin mai "man gyaɗa" ne, shi ya sa tambaya ba ta wadatarwa. Na ƙuli da mata ke matsa a gida, mai ƙamshin nan, shi ne mafi haɗari don ba a tace shi ba. Na awo a kwalba ba ki san me aka gauraya ba, mazurari ɗaya ake zuba kowanne da shi. Na jarka mai hatimi da lambar NAFDAC, wanda aka rubuta daga kwakwar manja aka tace shi, shi nake saye, tare da manja daga hannun mace ɗaya da ba ta sayar da na gyaɗa. Mai yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: yaron da ba ya shan madara yana rasa kitse, don haka nakan ɗiga ƙaramin cokali a faten dankali ko na kabewa.

Nama ɗanye daga mahauci ba shi da matsala, ki dafa ki daka. Hanta sau ɗaya a mako tana ƙara jini. Na mai tukuba ne abin gudu: yajin tsire ƙuli-ƙuli ne, kilishi a kwaɓin tunkuza ake tsoma shi, balangu ma wuƙa ɗaya da faranti ɗaya. Dakakken yajin kasuwa ban yarda da shi ba sam. Wake fa? Na daɗe ina tsoronsa don an ce dangin gyaɗa ne, ashe yawancin yaran da gyaɗa ke damu suna cin wake lafiya lau. Da izinin likita na gwada, yanzu alale ba ƙwai da faten wake su ne rabin abincinsa. Ga wanda waken suya ke damu, a tambayi mai daddawa ta kalwa ce ko ta suya, don yanzu ta suya ta cika kasuwa, kuma a karanta kwalin dunƙule, da yawansu akwai shi. Awarar bakin hanya ana tsoma wata a ƙwai. Riɗi ma yana cikin masu tayar da jiki, Amurka ta sa shi a jerin dole na rubutawa a jikin kaya tun 2023, don haka kantu ba madadin ƙuli-ƙuli ba ne kai tsaye. Duk sabon abu da safe nake gwada shi, ɗan lakace a cokali, shi kaɗai, in bar kwana uku kafin wani.

Burodi, cincin, biskit na awo da kek ɗin biki na yafe su gaba ɗaya. Masa kuwa ban yafe ba, ɗan Bauchi ne. Na sayi ƙaramar tanda tasa shi kaɗai, ina ƙullin shinkafa da yis, miyar kuma kabewa ce ke ba ta kauri.

Abu na ƙarshe da za a saya ba abinci ba ne. Maganin ƙaiƙayi na ruwa irin Piriton ko cetirizine yana kwantar da borin jini, kuma likita ne zai faɗi awon da ya dace da nauyin yaro. Amma in murya ta dushe, numfashi ya fara fita da ƙara, harshe ya kumbura, ko yaro ya yi laƙwas, wannan maganin ba ya riƙe shi. Allurar adirenalin ce kaɗai, a cinya, cikin gaggawa. Mai kama da alƙalami da uwa za ta iya yi da kanta, irin EpiPen, tana da wuyar samu a nan kuma tana da ranar lalacewa, ki tambayi likita ko ɗanki yana cikin masu buƙatarta. Kada a tsaya ɗura masa manja ko jiƙo, a nufi asibiti mafi kusa.

Hajiya ta daɗe tana cewa, "Ɗan Bahaushe ya ƙi gyaɗa? A riƙa lasa masa kaɗan-kaɗan, zai saba." Ban yi musu da ita ba, na roƙe ta ta raka mu ganin likita. Shi ya yi mata bayani cewa madara da ƙwai yara da yawa suna wuce su in sun girma, gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da ita, kuma gwajin ko ya wuce a asibiti ake yi, ba a tsakar gida ba. Satin da ya wuce a gidan biki na hango wata ta miƙo masa alewar madara. Kafin in taso Hajiya ta riga ta tare hannun, ta ciro robar dafaffen dankalinsa daga jakarta tana cewa, "A'a ƴar nan, maigidan nawa da guzurinsa yake yawo."