Gargaɗi: Hattara da Masu Fakewa da "Mun Cire Safaya" Don Sayar da Motar da Ta Yi Hatsari

Masu neman ƙananan motocin tsere na hannu, irin su Caterham Seven da sauran waɗanda suka samo asali daga Lotus Seven ta 1957, muna jan kunnenku a kan wata damfara. Mota ta sha karo ta baya, a sauya mata faifan alminiyom na baya, a fesa fenti, sannan a tallata ta da cewa "an cire safaya ne don rage nauyi". Da wannan magana guda ake rufe bakin mai saye idan ya tambayi dalilin sabon fenti da sabuwar walda.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne, da gaske masu irin wannan mota kan cire safayar. Taya da maƙalarta kan kai kilo 12 zuwa 15, a motar da duka-duka nauyinta wajen rabin tan ne. Sai dai cirewar gaskiya ƙaramin aiki ce, kuma tana barin shaida. Ana kwance tayar, a yanke ƙafafun maƙalar inda suka haɗu da bututun shasi na ƙasa, a goge, a shafa maganin tsatsa, a toshe ramin da dogon notin tayar ke bi, a mayar da lambar mota da fitilarta jikin faifan. Shi ke nan. Ba abin da zai sa a sauya faifan gaba ɗaya ko a taɓa tankin mai.

Don haka kada ku tsaya kallon ƙyallin fenti. A ɗaga motar, ku shiga ƙarƙashi da tocila. Wanda ya cire safaya tsakani da Allah, tabo biyu za ku gani a bututun baya, madaidaita, kowanne daura da ɗan'uwansa. Idan kuwa kuka ga bututu ya ɗan lanƙwashe, ko fentin shasi ya tsattsage kamar busasshiyar laka, ko walda mai ƙulli-ƙulli a kusurwa, to an buge ta an miƙe. Ku duba ribiti, wato ƙusoshin da ke riƙe faifan: sababbi fes a baya, tsofaffi a gefe, alama ce. Kuma kada ku dogara da gwajin maganaɗisu wajen gano foti, wato abin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, domin ba ya kama alminiyom ko da babu foti. Ku ƙwanƙwasa da yatsa, inda aka cika foti sautinsa a dushe yake.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tankin mai. A waɗannan motoci yana bayan sandar da ke haɗa ƙafafun baya, dab da faifan nan, kusan shi ne na farko da karo ke samu. Tankin da ya lotse yakan tsage a wajen ɗinki, ya riƙa tsattsafo kaɗan-kaɗan a bayan direba. Ku sa a cika shi, ku jira minti 15, ku shafa farin ƙyalle a ɗinkin da bakin tiyo, ku shinshina. Dillalin da ya ajiye motar da ɗan mai a gindin tanki, ya kuma ƙi a cika, akwai lauje cikin naɗi.

Sai awo. A miƙe sitiyari, ku auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Bambancin da ya haura rabin santimita yana buƙatar bakanike ya bincika shasin.

Ku kuma tambayi ina tayar da maƙalar da aka cire. Mai gaskiya yakan ajiye su, domin rim ɗin yana da daraja. Ku nemi hotunan motar kafin aikin da rasit ɗin wanda ya yi shi. Idan aka ce duk sun ɓata, aka kuma matsa muku ku tura kafin alƙalami don "wani na hanya", kada ku biya ko sisi sai bakanikenku ya ga ƙarƙashin motar da idonsa.