Jayayya da wakala ko tafiya sana'iyya: amsa ga mai tayar da ta cinye a kilomita 22,000

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya jiya bayan isha'i, ga amsarka, ka yi haƙuri da tsawonta. Ga wanda bai gani ba: ya ciro sabuwar mota daga wakala, wato dillalin kamfanin motar, a nan Jidda wata goma sha ɗaya da suka wuce, aikinsa zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka, jifa-jifa ya leƙa Madina. Yanzu motar tana kilomita 22,000, tayoyin gaba biyu sun suɗe ta gefen ciki, gefen waje kuwa kamar jiya aka ɗaura su. Ya koma wakala, suka ce masa kafarat ba sa cikin daman, wato garanti bai shafi taya ba. Shi ne yake tambaya: ya tsaya ya ja da su, ko ya wuce sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya sa sababbi ya huta?

Duka hanyoyin biyu na bi su, a motoci biyu daban, kuma kowacce ta koya mini abin da ɗayar ba ta koya mini ba.

Da farko dai, mutumin wakala bai yi maka ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa maka. Buɗe littafin garantin da aka ba ka tare da makulli. A yawancin motoci za ka tarar an ware taya gefe, an ce garantinta yana wuyan kamfanin da ya ƙera ta, ba kamfanin motar ba. Shi kuma wakilin kamfanin taya abin da yake ɗauka aibin ƙira ne: taya ta yi ƙullutu ba tare da ta daki komai ba, ko shimfiɗarta ta fara rabuwa da jikinta. In ka kai masa taya mai cin gefe ɗaya, kallo ɗaya zai yi mata ya ce matsalar motarka ce. Ka ga an fara yi maka je-ka-ka-dawo ke nan, wannan ya tura ka wurin wancan, kuma kowannensu yana da 'yar gaskiyarsa.

Kuskuren da ka yi, wanda ni ma na taɓa yi, shi ne ka shiga kana cewa taya ta lalace. Tayarka lafiyarta ƙalau. Abin da ya cinye ta mizani ne, wato saitin yadda ƙafafun mota ke fuskantar hanya, kuma mizani jikin mota ne, ba jikin taya ba. Kamfanoni da yawa suna ɗaukar gyaran mizani kyauta a wani ɗan lokaci na farko kaɗai, ana lissafa shi da watanni ko da kilomita. Ka duba abin da littafinka ya ce yau ɗin nan, domin mai wata goma sha ɗaya ba shi da lokacin jira.

Taya tana faɗin wanda ya zalunce ta in ka iya karanta ta. Idan tsakiya ce ta cinye, gefuna suka rage, iska ta yi yawa. Wannan yakan samo asali tun daga wakala, saboda ana cika wa sababbin motoci iska fiye da ƙima kafin a loda su a jirgin ruwa don kada tayar ta kwanta wuri ɗaya, kuma aikin wakala ne ta rage ta kafin ta miƙa maka makulli. Wani lokaci sai a manta. Idan gefuna biyu ne suka cinye tare, iska ta yi kaɗan, wannan kuwa laifin mai mota ne, ba wanda zai saurare ka. Idan ka shafa hannu ka ji tudu da kwari zagaye da tayar, ka nemi tarsis, wato daidaita nauyin taya, ko shokazoba, wadda a nan ake ce wa musa'adat. Naka kuwa, gefen ciki kaɗai a tayoyi biyu, mizani ne: ko dai bakin tayoyin ya buɗe waje, ko samansu ya kwanto ciki. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen daga waje zuwa ciki, ka sake dawowa. In ka ji santsi ta ɓangare ɗaya, kaifi kamar haƙoran zarto ta ɗayan, to bakin ne ya buɗe.

Kada ka raina ƙanƙantar karkatar. Taya da ta kauce da kashi uku cikin goma na digiri ɗaya, wadda ido ba zai taɓa gani ba, ana jan ta a kaikaice kusan mita 5 a kowane kilomita. Daga Makka zuwa Madina ya haura kilomita 400, ka lissafa da kanka: fiye da kilomita 2 kana goga roba a kan kwalta mai zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi. Kuma in ɓangarorin biyu sun karkata daidai da juna, sitiyari ba zai ja ka ko'ina ba, motar za ta miƙe sak, shi ya sa ba ka ji komai ba sai da aiki ya gama.

To bari mu ajiye hanyoyin biyu kusa da juna.

Ta fuskar lokaci babu ma gasa. Sana'iyya, ka je bayan la'asar, kafin isha'i ka fito da sababbin tayoyi da gyararren mizani. Wakala kuwa sai ka nemi mau'idi, wato a sa maka rana, ka bar motar, a ce injiniya bai duba ba, a ce an tura hotuna ana jiran amsa, bukra in sha Allah. Ga mai cin abinci da motarsa, kwana uku a ajiye ba ƙaramar asara ba ce.

Ta fuskar kuɗi abin ya ɗan rikice. A sana'iyya ka san abin da za ka biya tun kafin a ɗaga motar, kuma duk daga aljihunka zai fito. A wakala kana iya fita ba ka biya ko halala ba, kana iya samun gyaran mizani kyauta amma taya a kanka, kana kuma iya shan wahalar mako biyu ka fito hannu rabbana, har a caje ka kuɗin dubawa. A motata ta biyu mizani suka gyara kyauta, suka ɗauki rabin kuɗin tayoyin gaba, suka ce alheri ne suka yi mini, ba haƙƙi ba. Ban yi musu gardama a kan sunan ba. Kada ka sa rai da sababbin tayoyi huɗu kyauta bayan ka ci kilomita 22,000 a kan tsofaffin, ko da ka yi nasara yawanci ana cire abin da ka mora.

Inda hanyoyin suka rabu da gaske shi ne hujja, kuma nan ne na ƙone a motata ta farko. Da na ga cin gefe, zuciya ta ɗebe ni na wuce sana'iyya, mai mizani ya kwance ya ɗaure, mai banshar, wato mai facin taya, ya sa sababbi, tsofaffin na bar masa a can. Bayan mako guda wani dattijo ya ce mini ai wannan haƙƙinka ne a kan wakala. Na je, suka ɗora motar a kan na'ura, mizani ya fito daidai, tun da an riga an gyara. Suka tambaye ni ina tayoyin da nake magana a kansu, na yi shiru. Ihu bayan hari. Duk wanda ya bari aka taɓa saitin motarsa kafin a auna a buga masa a takarda, ya goge shaidarsa da hannunsa. Ma'aikatar Kasuwanci ta sha bayyana cewa yin gyara a wajen wakala ba ya soke garanti haka kawai, matuƙar an bi ƙa'idar kamfani kuma ba gyaran ne ya jawo ɓarnar ba. Amma garantin da bai soku ba daban, hujjar da ta ɓace daban.

Saboda haka ni ba na ganin zaɓi ne tsakanin wannan da wancan, magana ce ta wanne za ka fara. Ka fara zuwa wurin mai mizanin kwamfuta, ka ce masa awo kawai kake so, kada ya taɓa ko noti ɗaya, ya buga maka takardar da kwanan wata da lambar motar. Ka sa a auna zurfin zanen kowace taya a wuri uku, ciki da tsakiya da waje. Sabuwar tayar ƙaramar mota takan zo da milimita 7 zuwa 8, alamar ƙarewa da ke cikin ramin zanen kuwa tana kan milimita 1.6. In waje yana 6 ciki yana 2, wannan lamba ta fi duk wata hayaniya da za ka yi a ofishinsu. Ka ɗauki hoto sitiyari a murɗe don gefen ciki ya fito, ka haɗa da hoton kilomita.

Sannan ka tattara fatura, wato rasit, ta duk sabis ɗin da ka yi. Ai ka gaya mana a wakala ka yi na 10,000 da na 20,000. Wannan ita ce sandar da ke hannunka. A takardar sabis akwai wurin duba taya da juya su gaba da baya, wanda ake so a yi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. In sun rubuta sun duba lafiya lau a 20,000, yaya aka yi ta suɗe bayan kilomita 2,000? In kuma ba su juya ba, me ya sa? Ko ta ina suka bi, akwai tambayar da za su amsa.

Su ma suna da tasu sandar, gara ka sani tun yanzu. Za su ce ka daki rasif, wato dakalin gefen titi, ko ka faɗa rami, ko kana hawa matabbat, tudun nan na rage gudu, a guje, kuma gaskiya ne duk waɗannan suna ɓata mizani. Za su duba bakin ƙarfen taya su nemi ƙwarzane. In akwai babban tabo, ƙanena, ka ji tsoron Allah ka wuce sana'iyya, ba ka da shari'a. Haka in kai mai hawa da sauka ta hanyar Hada ne zuwa Ɗa'if kowane mako, kwanonin nan suna cin kafaɗar taya, sai dai gefen waje suka fi ci, ba ciki ba. In ƙarfen tas yake, ka nemi su buɗe maka takardar aiki, su rubuta ƙorafinka da kalmar mizani, su kuma rubuta dalilin ƙin amincewarsu. Wanda ke ce maka a'a da baki yakan yi sanyi in aka ce ya sa hannu. In sun ƙi, akwai lambar Ma'aikatar Kasuwanci 1900 da manhajar Balagh Tijari. Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: in motar da sunan kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamanka, ko kamfani take a istimara, takardar rajistar mota, ka tafi da shi ko da takardarsa, don maganar mai suna ta fi taka nauyi.

Saura irin tayar da za a sa. Wakala za ta mayar maka da irin wadda motar ta zo da ita. Mutane suna ɗauka tayar da ta zo da mota ita ce mafi inganci, alhali kamfanin mota yakan sa a yi masa ita ne bisa buƙatarsa: ta yi shiru, ta yi laushi, ta rage shan mai. Daɗewa ba ita ce a gaba ba, shi ya sa ko da mizani lafiya wata takan ƙare da wuri, amma a daidai, ba ta gefe ɗaya ba. A kasuwa kai ke zaɓa. A jikin taya akwai lambar jure ci, wadda 400 ta fi 280 daɗewa, sai dai an fi dogara da ita tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. Akwai harafin jure zafi, A ko B ko C, kuma a ƙasar da ake gudun 140 a hanyar Madina cikin watan Yuli ni A nake saya. Lambar nauyi da harafin gudu kada su gaza na asali: in ta zo da 91V, wato kilo 615 a kowace taya da gudun 240, kada mai banshar ya lallaɓe ka da ƙasa da haka. Haɗarin kasuwa kuwa tsohon kaya ne. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2523 yana nufin mako na 25 na shekarar 2023. Tayar da ta daɗe jibge a rana ta fara tsufa tun ba ta taɓa kwalta ba.

In biyu kawai za ka saya, masu ƙera taya cewa suke a sa sababbin a baya, na bayan su dawo gaba. Kuma kada a ɗaura su sai an gyara mizani a ranar, in ba haka ba an gudu gara an faɗa gidan zago. Iska kuma ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka auna da safe tayar na sanyi. Yaran banshar da yawa 35 ko 40 suke bugawa kowace mota, ta jikin tayar kuma iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da za ka sa ba.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka bar jiran mau'idi: in waya ko zare ya fara leƙowa ta gefen da ya suɗe. Wannan tayar ba ta hawa hanyar Makka ko da sau ɗaya. Ka yi awon mizani ka karɓi takarda, ka canza tayoyin, ka sa tsofaffin a but, ka rubuta dama da hagu a jikinsu da alli, ka kai wa wakala su tare da takardar. Turo mana hoton gefen cikin da na takardar sabis ɗin 20,000, ka rufe lambar motar da sunanka, mu ga abin da suka rubuta a layin taya.