Propofol: Ra'ayina Kan Farar Allurar Sa Barci a Ɗakin Tiyata

Duk wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin tiyata ya san farin ruwan nan mai kama da madara da ake zuƙa cikin sirinji kafin a fara aiki. Shi ne propofol, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fitar da sunan Diprivan a 1986, bayan binciken da wani likitan dabbobi, John Glen, ya jagoranta. Farin nasa ya samo asali ne daga man waken suya da wani sinadarin gwaiduwar ƙwai da ake haɗa shi da su, domin maganin ba ya narkewa a ruwa.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne yadda yake shiga da yadda yake fita. Da zarar an tura shi cikin jijiya, wajen miligiram 2 zuwa 2.5 ga kowane kilo na babban mutum mai ƙoshin lafiya, kafin minti ɗaya ya cika majinyaci ya yi barci mai nauyi, kuma idan ba a ƙara ba zai farka cikin minti biyar zuwa goma, kansa garau, ba tare da tashin zuciya da aman da sukan biyo bayan wasu magungunan ba. Wannan ne ya sa ya dace da gajerun ayyuka irin su leƙa ciki da na'ura, haka kuma ana ɗiga shi sannu a hankali ga waɗanda aka jona wa injin numfashi.

Sai dai yana da illoli, kuma wadda majinyata suka fi tunawa ita ce raɗaɗin shigarsa, musamman a ƙananan jijiyoyin bayan hannu. Neman babbar jijiya ko fara sa lidocaine, wato maganin da ke kashe zafi a wurin da aka sa shi, yakan rage wannan ƙwarai. Wadda ta fi tayar wa ma'aikaci hankali kuwa ita ce yadda yake saukar da ƙarfin jini, yana kuma tsayar da numfashi na ɗan lokaci, abin da kan tsananta ga tsofaffi da masu ciwon zuciya da wanda ya zubar da jini, shi ya sa ake rage musu adadin a kuma tura shi a hankali. Ba ya kashe zafi ko kaɗan, dole a haɗa shi da wani maganin. Idan aka wuce kwana biyu ana ba da shi da yawa, yana iya lalata tsoka ya taɓa ƙoda da zuciya. Akwai ma wanda fitsarinsa kan koma kore, amma wannan ba ya cutarwa.

Wani aibin shi ne man da ke cikinsa yana raya ƙwayoyin cuta, saboda haka kwalbar da aka buɗe ba ta kwana.

Ba shi da makari da zai dawo da mutum idan ya yi yawa, kuma mutuwar Michael Jackson a 2009, bayan an ba shi maganin a gida don ya yi barci, ta nuna haɗarin hakan. A wurina propofol ya fi sauran magungunan sa barci daɗin aiki, amma ba na zuƙa shi sai na ga iskar oksijin da kayan buɗe hanyar numfashi da na'urar awon jini a gefen gado.