Fawa saflai mai jan makunni 115/230: yana aiki, amma ba ya yafe kuskure

Irin wannan akwatin wutar kwamfutar tebur, wanda ake kira fawa saflai, har yanzu ana samunsa a kasuwa, musamman wanda ke zuwa a haɗe da kes (wato gidan kwamfutar) mai araha da kuma na tsofaffin kwamfutocin ofis. Alamarsa ɗaya ce: wani ɗan jan makunni a baya, kusa da inda ake soka wayar wuta, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Idan aikin ofis ne kawai, kuma makunnin yana daidai da wutar soket, zai yi shekaru ba a ji kansa ba. Matsalar duk tana ga wannan makunni.

A cikin fawa saflai ɗin akwai manyan kapasito (masu adana wuta) biyu a jere, galibi kowanne an yi shi ne don ɗaukar volt 200. Idan makunni yana kan 230, wutar da ta shigo takan zama kusan volt 325 bayan an daidaita ta, kapasitocin su raba, kowanne ya ɗauki kusan 160. Idan aka mayar da shi 115, sai da'irar ta koma mai ninka wuta biyu, domin ƙaramar wutar Amurka da Kanada mai volt 120 ta kai wancan adadin. To, a bar shi kan 115 a soka shi a wutar 220 zuwa 240 irin ta Turai da yawancin Afirka da Asiya: kowane kapasito sai ya sha kusan volt 325 shi kaɗai. Ba a ɗaukar daƙiƙa guda. Sai a ji fas, hayaƙi ya fito ta wajen fanka, ɗaki ya cika da ƙauri. Kan kapasito ya kumbura ko ya tsage, fiyus ya ƙone, wani lokaci har da tiransistocin da ke sara wutar.

Akasin haka ba shi da wannan haɗari. Makunni kan 230 a wutar 120, kwamfuta dai ba za ta tashi ba, ko ta tashi ta mutu.

Inda mai araha ke cutar mutum shi ne bayan fashewar. Mai kyau yakan mutu shi kaɗai, fiyus ya yanke kafin ɓarna ta wuce. Mai araha, da yake an tsuke hannu wajen kayan kariya, yana iya barin wuta mai yawa ta bi layin volt 5 na jiran aiki, wato waya mai launin shunayya, wadda ke ɗauke da wuta ko da kwamfuta a kashe take, ta isa madabod, wato babban allon kwamfutar. Faifan ajiya ma yakan samu rabonsa: akwai wasu ƙananan dayod na kariya a allonsa da ke ƙonewa su haɗe layin wutar idan ta yi yawa. Sau da yawa bayanan da ke ciki suna nan lafiya, allon ne ya taɓu, don haka kada a yi saurin jefar da shi.

Idan abin ya riga ya faru, a zare wayar nan take, kada a gyara makunni a sake gwadawa. Kada kuma a buɗe akwatin fawa saflai ɗin, kapasito yana riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum illa bayan an cire shi daga soket. A samo wani fawa saflai, a fara gwada shi shi kaɗai: a haɗa koriyar waya da baƙa a filogi mai fil 24 da ke shiga madabod, a soka shi a wuta, fanka ya juya, a auna da mitar gwada volt. Rawayar waya ta ba da tsakanin volt 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, ruwan lemo kusan 3.3. Daga nan a haɗa madabod da furosesa da RAM guda ɗaya kawai. In ya tashi, a riƙa ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya, faifan ajiya a ƙarshe.

Mai sayen sabo ba shi da dalilin ɗaukar mai jan makunni. A juya akwatin a karanta takardar da ke manne a jikinsa. In an ga 100–240V, yana da da'irar da ake kira Active PFC, shi ke daidaita kansa da kowace wuta. A lura dai, akwai waɗanda ba su da makunni amma an rubuta 200–240V kawai, su ba sa aiki a ƙaramar wuta. Wanda kuwa mai makunnin ne a hannunsa, musamman kwamfutar da aka yo odarta daga Amurka, ya duba lambar da ke bayyane kafin sokawar farko, ya tura makunnin da bakin sukundireba zuwa daidai alhali waya tana cire, sannan ya manne shi da tef don kada hannun wani ya kai.